Nomau da Tiyar Taubashinsa

"Na ce maka ba ni riƙe ta. In ka matsu, ɗaura ta ga ƙahon akuya ta ɗauke ku."

Muryar Hasiya ce, matar maƙwabcina Nomau. Katangar da ta raba gidanmu da nasu ta ƙasa ce, damina uku ba a yi mata yaɓe ba, don haka ba ta riƙe sirrin kowa. Hantsi ne na bazara, zafi ya sauka tun kafin a gama sharar tsakar gida.

"Hasiya, rana na hawa. In ta kai tsaka, fuskoki baƙi ƙirin suke fita."

"Su fita. Jiya Binta ta shigo gidan nan, na kawo mata ruwa, ta ce ta sha a gida. Shekara ashirin muna zumunci, Malam, ba ta taɓa shan ruwa a gida kafin ta zo wurina ba."

"Ta ce maki saboda wasan ne?"

"Ba ta ce ba. Cewa ta yi mijinta ya kai buhu huɗu kasuwa ya dawo da uku da rabi. Kasuwa uku ke nan a jere."

"Shi dai bai ce mani komi ba."

"Da wane bakin? Ai taubashinka ne."

Daga nan sai ƙarar taɓarya. Hasiya ta koma daka, irin dakan da ba don gari ake yin sa ba.

Abin da take ƙin riƙewa salula ce mai tsagaggen gilashi, wadda Nomau yake ɗaukar wasan barkwancinsa da ita duk mako yana zubawa a Tiktok. Binta kuwa matar Usmanu ce, ma'aunin hatsi a kasuwar Agiye, ɗan kawun Nomau, kuma shi ne babban ɗan wasan.

An haifi Nomau ranar da ake noman fari, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ubansa ya rasu yana shekara biyar. Uwarsa Habi ta sake aure can wajen Cadakori, aka bar shi a Gangara gidan wanta, mahaifin Usmanu. Ya yi lakol har aji shida, kuma abin da ake tunawa da shi can ba karatu ba ne, kwaikwayon tafiyar mushe malaminsu ne da yadda yake gyara tabarau kafin ya ɗaga bulala. Ya yi cirani Katsina, ya tura baro, ya koyi gyaran rediyo. Ya dawo Agiye ya kafa tebur a tasha daidai lokacin da mutane suka fara jefa rediyo ƙarƙashin gado suna sayen salula. Sai ya sayi fanon hasken rana guda ɗaya yana yi wa matafiya sharjin waya. Ya kai shekara arba'in da huɗu ba a taɓa samun wanda ya tsallako hanya don kawai ya gaishe shi ba.

Wasan ya fara shi kaɗai. Ya yi mushe, ya yi jandarma a shinge, ya yi tsohon da ya kira ɗansa a waya ya kama ta a juye. Masu kallo ba su wuce waɗanda ke jiran sharji a teburinsa ba, su ma don ya cusa masu ne. Kayan aikin duka na gida ne. Ƙafar ɗora waya sanduna uku ne na itacen bedi da aka ɗaure da robar taya, amma iska na kada ta, don haka Hasiya ta zama ƙafar. Murfin tukunyar alminiyum shi ke maido haske a fuska. Kafin a fara sai an kife zakara da kwando, an ja akuya zuwa bayan gida, an leƙo ta katanga a roƙi matan unguwa su dakata da daka. Yankawa da haɗawa kuma a kan wayar nan dai yake yi, a gindin bedi, har ta yi zafi ya ɗora ta kan jiƙaƙƙen tsumma a bakin randa ta huce. In ya gama sai ya taka zuwa bakin babbar hanya, kusa da dogon ƙarfen rezo inda waya ta fi kamawa, ya tsaya da hannu a sama. Wani lokaci abin ya kai casa'in cikin ɗari ya katse, ya sake daga farko.

Ba ya samun wani abin kirki. Mai butik ɗaya yakan ba shi sabulu da ganyen shayi don a ambaci sunansa a ƙarshe, wani mai sayar da taki yakan tura masa kiredin waya. Hasiya ta ce abin da wasan ya kawo gidan, in aka cire gajiya, bai cika kwanon miya ba.

Wata ranar kasuwa Usmanu ya biyo ta gidan Nomau shan fura, da kayan awonsa a bayan moto. Nomau ya dube shi, ya dubi tiya, kwanon awonsa, da ke leƙowa daga bakin buhu, ya ce ya zauna ya yi masa ma'auni mai cuta, minti biyu kacal. Usmanu ya ce bai taɓa wasa ba. Nomau ya ce ba wasa ba ne, halinsa zai yi. Aka yi dariya, ya zauna.

Sunan da Nomau ya raɗa wa mutumin shi ne Alhaji Tsumulmula. Amma duk sanda Nomau, wanda ya fito a matsayin mai saye, ya ce "Alhaji Tsumulmula, auna mani biyu," sai Usmanu ya waiwaya baya yana neman Alhajin. Sau biyar ana sakewa. Batir ya kusa mutuwa, hannun Hasiya ya fara rawa, tuwo kuma na jiran ta. Ta ce, "Don Allah ku kira shi da sunansa mu huta."

Aka kira shi da sunansa. Ba a da kayan canzawa, don haka rigar da ya sa ita ce ruwan ƙasar nan da yake zama kasuwa da ita, da hularsa, da tiyarsa ta ƙarfe mai ɗigon koren fenti a gindi, wadda ya gada daga ubansa, kuma duk macen da ta taɓa sayen hatsi a Agiye ta san ta. Ba wanda ya tsaya tunani. Bidiyo ne na minti biyu da mutum ashirin za su gani.

Usmanu ya ba kowa mamaki. Zai tarbi mai saye da gaisuwa doguwa, ina gajiya, ina iyali, ya jikin tsohuwa, ya aka ji da rashin da aka yi bara, yana girgiza kai cikin alhini, alhali babban yatsansa da rabin tafinsa suna cikin tiya sun cinye wurin hatsi, ƙaramin yatsan kuma yana aske tozon a hankali. Fuskarsa ta salihai ce, ta mutumin sahun farko. Wannan fuskar da wannan hannun su suka kai abin Maraɗi, Tasawa, Katsina, har wurin 'yan ci-rani a Libiya. Masu kallo suka wuce dubu ɗari biyu. Nomau ya yi na biyu, ya yi na goma, ya yi na arba'in. Direbobin tasha suka fara tsallako hanya suna ba shi hannu.

Abin da bai hango ba shi ne almakashin mutane. Kowa ya yanki inda ya fi ba shi dariya ya tura a Watsap. Masu zuba waƙoƙi a katin waya suka haɗa da shi. Abin da ya isa ƙauyuka ba shi da kai ba shi da wutsiya, babu rubutun da ke cewa wasa ne. Mutum ne kawai da aka sani, da sunan da aka sani, da tiyar da aka sani, yana cutar mai saye.

Da fari rumfar Usmanu cika take yi. A zo a yi hoto da shi, a ce, "Sa yatsan mu gani," a yi dariya, sannan a gangara rumfa ta gaba a sayi hatsi. Da kaka ba wanda ya lura. Da bazara ta shigo, rumbuna suka fara amsa amo, tiya ɗaya ta zama tuwon daren gida guda, sai dariyar ma ta ragu. Mata suka fara zuwa da tiyarsu daga gida, sannan suka daina zuwa. Na ji wata tsohuwa tana faɗa wa ɗanta, wanda ke ƙoƙarin yi mata bayani: "Na san wasa ne, ba yarinya ba ce ni. Amma hannun nan, a ina ya koya?"

Da wani ne ya yi masa haka, da tuni Usmanu ya kai shi gaban mai gari. Amma ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne. Taubashi ya zage ka a gaban surukinka, dariya za ka yi. Ya ɗauke maka takalmi a masallaci, ka koma gida ƙafa ƙasa ka shirya ramuwa. Wanda ya ɗaure fuska ga taubashinsa shi ake yi wa kallon maras asali, tsofaffi su ce ya yanke igiyar da ba shi ya tufka ba. Kakanni sun yi wannan doka don mutum biyu a zaure ɗaya, ko goma a wurin suna. Ba su yi ta da dubu ɗari biyu a rai ba. Amma ba wanda ya soke ta, don haka duk mako Usmanu yakan ɗauro tiyarsa ya zo, yana dariya tun daga bakin ƙofa.

Na daɗe ina ɗauka sunan da ya samu ne ya toshe wa Nomau kunne. Akwai wannan. Amma wata azahar na tarar da shi a gindin ƙarfen rezo, hannu a sama, gumi na bin gwiwar hannunsa, na tsaya taya shi jira. Na tambaye shi inda ya samo dabarar yatsan nan, don ni ban taɓa ganin ma'auni ya yi ta ba. Ya ce ai ba a kasuwa ya gan ta ba. Shekarar yunwa, suna yara a Gangara, matar kawu takan dama fura tsararo a ƙwarya ɗaya, ta miƙa wa Usmanu ludayi ya raba wa yara, shi ne babba da shekara biyu. Kowa ludayi uku. In an zo kan Nomau, ludayi ukun dai ne, ba wanda zai ce an rage, sai dai babban yatsan mai rabo yana ciki. Ya ba ni labarin yana kwaikwayon yadda yaron yake kallon sama kamar mai lissafin tsuntsaye, har na yi dariya. Shi ma ya yi, ta fi tawa tsawo. Ya ce ranar ɗaukar farko bai yi wa Usmanu wani dogon bayani ba, cewa kawai ya yi, "Sa yatsa kamar yadda ka sani." Usmanu ya dube shi sau ɗaya, ya sa.

Ban ce Nomau ya zauna ya ƙulla abin ba. Ba shi da wannan tsarin a rayuwarsa. Amma tun kashi na biyar ya san abin da ke faruwa a kasuwa, gidansa bai fi tafiyar minti goma da rumfar ba, ya kuma rubuta talatin da biyar bayan haka.

Ranar rigimar nan, da dakan Hasiya ya ƙi ƙarewa, sai kan Nomau ya ɓullo ta saman katanga.

"Maƙwabci, hannunka na rawa?"

Na ce ba sosai ba. Ya ce in zagayo.

Na same shi zaune kan turmin da aka kife, da tsohon littafin lakol na ɗiyarsu a cinya. Ya soke shafi guda da biro, ya rubuta layi huɗu a ƙasa. Idanunsa sun yi ja kamar na wanda ya kwana a mota. Ya nuna mani inda zan tsaya da inda zan danna.

Ƙarar moto ta mutu a waje. Usmanu ya shigo, dogo, mai furfura a gemu, riga ruwan ƙasa, buhu a kafaɗa.

"Ina bawan gidan nan? Ubangidansa ya zo bai fito ya karɓi kaya ba."

"Bawa ne ya zo gaisuwa, ya ajiye kayansa inda ya saba."

"Hasiya, har yau ba ki gaji da ciyar da wanga ba? Na ce maki ɗakina na nan, da rufin kwano."

Hasiya ta rusuna daga bakin madafi ta gaishe shi, ta tambayi Binta da yara. Ba ta amsa wasan ba, ita da ta saba mayar masa da biyu.

Nomau ya karanta masa labarin yau. Mai saye zai zo da tasa tiyar daga gida, a fusace. Za a auna da ta Usmanu a juye a ta mai sayen, ta cika har ta zuba. A sake, ta sake zuba. Mai saye ya tuɓe hula ya roƙi gafara.

Usmanu ya jira. "Sai mi?"

"Shi ke nan."

"Ina abin dariyar?"

"Yau babu."

"To mi za a kalla, gemunmu?" Ya dubi madafi, ya dubi Nomau. "Wa ya ce maka ina neman wanki? Ni na yi kuka?"

"Ba ka yi ba. Zauna dai, rana na hawa."

Ya zauna kan tabarma ya kwance bakin buhu. Na ɗaga waya. A cikin gilashin nan na fara ganin yadda Usmanu yake awo in ba wasa yake ba. Hannu biyu a gefen tiya, yatsu duka a waje. Ya ɗebo, ya girgiza sau ɗaya hatsin ya zauna, ya riƙa zubawa da tafi har tozo ya tsaya kamar kan rumbu, ƙwayoyi na gangarowa da kansu. Ya juye, ya ƙara gyara da tafi guda ba tare da ya duba ba. Shekara talatin yana yin haka. Sau uku muka ɗauka, don an manta ba a kife zakara ba, sannan wani mai kalwa ya yi sallama a tsakiyar roƙon gafara.

Muka haɗa kai a inuwa muka kalla. Dattawa biyu ne suna juye hatsi daga kwano zuwa kwano. Ko ni da na ɗauka, yatsana sai da ya yi ƙaiƙayin wucewa gaba. Nomau ya san aikinsa, bai buƙaci a faɗa masa ba. Ya kife wayar kan tsumman randa.

Hasiya ta kawo fura. Usmanu ya sha sosai, ya share gemu, ya yi hamdala. Sannan ya kakkaɓe tiyar a gwiwarsa, ya hura ƙurar da ke ciki, ya ajiye ta gaban Nomau.

"Riƙe wagga. Ta fi amfani nan."

"Kamar yaya?"

"Na bar wa Jibrilla rumfar, maƙwabcina na kasuwa. Wani ɗan kasuwa a Maraɗi na neman mai gadin mangazar ajiyar kaya, jibi zan tafi. Aikin zama ne, ba a auna komi. Ka ga bawanka ya samu ci gaba, har da fitila za a ba ni."

"Usmanu, bari in sa wannan tukuna. In yi wani ma. In yi bayani da bakina."

"Ka sa mana, wa ya hana ka." Ya miƙe yana naɗe bakin buhu. Ya saki fuskar salihan nan, wadda mutum dubu ɗari biyu suka sani, ya ce cikin muryar wasa, muryar da ba a amsa ta sai da wasa: "To ɗan Gwaggo, ka ƙoshi yanzu?"

Na dubi Nomau. Akwai abin da ya taso, na gan shi. Amma shekara arba'in hanya ɗaya ce tsakaninsu, kuma ita bakinsa ya bi.

"Wa ya taɓa ƙoshi a hannunka?"

Suka yi dariya su biyu, har da tafawa. Hasiya ta ɗauki ƙwaryar furar ta shiga ɗaki ta saki labule.

Muka raka shi zaure. Moton ya ƙi tashi sai da Nomau ya tura shi, Usmanu na cewa ko turin ma da ha'inci yake yi. Ya bi ta layin masu walda ya ɓace. Nomau ya dawo ya jingina da ƙyauren, yana haki, hannu ɗaya a ƙugu. Na ɗauko wayar daga kan randa na miƙa masa. Na ce ai bai makara ba, kasuwa mai zuwa ya tafi da kansa, ya tsaya bakin rumfar, ya faɗa wa mutane a fili cewa shi ya ƙirƙiri abin, mutumin nan bai taɓa cutar kowa a awo ba.

Bai dube ni ba. Yana kallon hanya ya ce:

"Na yi tunanin haka tun watan jiya. Amma ni ne fa, maƙwabci. Ko na rungumi Alƙur'ani a tsakiyar kasuwa ina hawaye, waya za su ɗaga, su ce Nomau ya fito da sabo."